Setplas ɗin Senegal: ra'ayina a kan motar mutum bakwai bayan na zaga da ita ni kaɗai

Setplas dai ba kamfani ba ne balle a ce ga ofishinsu ga lambar da za ka kira ka kai ƙorafi, mota ce kawai, tsohuwar Fijo wagon 504 ko 505 irin wadda muka taso muna gani a tashoshinmu tun zamanin da ake harhaɗa su a Kaduna, to su a Senegal har gobe ita ce ke jigilar mutane daga gari zuwa gari. A rubuce za ka ga sept-place, gurbi bakwai ke nan, mutum ɗaya a gaba kusa da direba, uku a tsakiya, uku a can ƙuryar baya. Kuma bakwai ɗin ne gsky, ban ga an cusa mutum biyu a gaba ba ko sau ɗaya, sai dai yaro a cinyar uwarsa, wannan kam na sara musu.

Ni na zaga ƙasar ne ni kaɗai da jakar goyo a baya, Faransanci ɗan tsinto-tsinto ne, Wolof kuwa ko zo in kashe ka ban sani ba lokacin da na sauka. In tauraro ake bayarwa zan ba ta uku da rabi cikin biyar. Wanda ke sauri ko mai ciwon baya ko mai son sanyin AC ya nemi wata hanya tun wuri kar ya zo yana zagina, amma in mutane ka zo gani, ka ji yadda suke hira da faɗa da cin abinci da tsokanar juna, wlh ban ga abin da ya kai ta ba, kusan duk gidan da na ci abinci a ƙasar nan da duk wanda ya nuna min hanya daga cikin motar nan muka haɗu.

A Dakar babbar tashar tana Pikin, sunanta Baux Maraîchers, tun 2014 aka dawo da ita nan daga tsakiyar gari. Hanya mafi sauƙi ita ce ka hau jirgin ƙasan nan na TER da ya fara aiki a ƙarshen 2021, yana da tasha mai wannan sunan, kana sauka ka ɗan taka kaɗan ka iso, ka huta da cunkoson Dakar da kuma cinikin taksi wanda shi ma karatu ne mai zaman kansa. Cikin tashar kowane gari da layinsa, ka dai faɗi sunan garin da ƙarfi za a nuna maka. Motar da ke kan layi ita kaɗai ke lodi, akwai mai yankan tikiti a gefenta, ɗan guntun takarda zai ba ka ya rubuta lambar kujerarka da biro. Kuɗin kujera ba a ciniki, abin da kowa ya biya shi za ka biya, ni lokacin da na je Dakar zuwa San Luwi tsakanin sefa 5,000 ne zuwa 6,000. Inda rigimar take kuɗin kaya ne. Shi ba shi da ƙa'ida, ido ake kallo, da an ga jakar goyo an ji bakinka ba na gari ba ne sai a ninka maka, alhali wata baiwar Allah da buhu biyu da bokitin kifi za ta miƙa 500 ta wuce ciki ko kallonsu ba ta yi ba. Jaka irin tawa 500 ce, in ta yi tsanani 1,000, ka yi murmushi ka tsaya a kan haka, kar ka ɗaga murya, su ba sa son hayaniya daga baƙo amma suna son wanda ya iya wasa da ciniki.

Wani abu da zai rikita ɗan Najeriya amma ɗan Maraɗi ko Damagaram ko a jikinsa, in suna magana da Wolof ba da sefa ɗai-ɗai suke ƙirga kuɗi ba, da dala suke yi, biyar-biyar. In mai kaya ya ce maka ɗari da yarensu to 500 yake nufi, in ya ce dubu 5,000 ke nan. Ni dai waya nake fitarwa in buɗe kalkuleta in miƙa masa ya rubuta, magana ta ƙare. Ka kuma tanadi canji, takardar 10,000 da sassafe masifa ce, ko da yake yanzu kusan kowa na karɓar Wave, wato manhajar biyan kuɗi ta waya, har mai sayar da gyaɗa za ka ga katin a rataye a wuyanta.

Sai jira. Mota ba ta tashi sai ta cika, babu wani ƙarfe kaza. In ka zo bayan asuba zuwa ƙarfe 8 kan ka gama shan kofi an cika, in ka bari rana ta take kuma garin da za ka ba babba ba ne to ka nemi inuwa. Ni jiran nan bai taɓa damuna ba saboda a nan ake fara sabo. Masu kofin Tuba na yawo da shi a ƙananan kofuna, sefa 50 ko 100, baƙi ne mai sukari da wani ɗan yaji-yaji a maƙogwaro, kurɓar farko na ce kai wannan ai kimba ce, kuma ita ce, da ita suke soya kofin su niƙa tare. Ga burodin Faransa dogo da ake tsagawa a zuba wake mai miya a ciki, ndambe suke ce masa, guda ɗaya ya riƙe ka har la'asar. Ga almajirai da gwangwanin tumatir ja suna bin tagogi, wannan bai zame min baƙon abu ba sai dai ya sa jikina ya yi sanyi. Masu sayar da caja, turare, carbi, lemo, ruwan leda, zoɓo mai ƙanƙara, kowa zai zo ya gwada sa'arsa a kanka, in ka ce a'a da fara'a sai su wuce, wasu ma su tsaya hira su manta da tallan.

Yanzu maganar kujera, a nan ne tauraro ɗaya da rabi ya zube. Gaba sarauta ce, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Tsakiya ba laifi musamman gefen taga. Amma baya, jama'a, bayan nan an yi ta ne don yara ba don ƙato mai tsawo irina ba, kujerar a kan tayoyi take, rufin ya sauko, gwiwarka na taɓa haɓarka, kanka a sunkuye, kuma babu ƙofa sai an kwantar da kujerar tsakiya kafin ka fita. Awa biyu za ka daure, daga nan ƙafa ta daina jin komai. In ka iso ka tarar saura baya kawai, kana da zaɓi biyu, ko ka ce za ka jira mota ta gaba ka zama na farko, ba mai jin haushi, ko ka sayi kujera biyu ka miƙe ƙafa, wanda hakan ma yana sa mota ta tashi da wuri kowa ya yi ta sa maka albarka. Sai dai fa abin haushin, hirar da ta fi daɗi a bayan ake yin ta, don mutum uku da aka matse wuri ɗaya dole su san juna.

Hanyar San Luwi, su Ndar suke cewa, kilomita 260 da ɗoriya ce, awa huɗu zuwa biyar, ta Ces da Tiwawan da Luga. A ita na fara gane yadda abin yake. Da ka shiga mota sai ka yi sallama, ba wai a ranka ba, da murya, kowa ya amsa, wanda ya shigo ya zauna shiru to an gama yanke masa hukunci. Wata dattijuwa da ke gefena, babbar mace da ɗaurin ɗankwali ya kai rufi, ta juyo ta jero min Wolof na yi zuru, sai wani ɗalibin jami'ar Gaston Berger da ke gaba ya juyo ya ce sunan gidanku take tambaya. Su haka gaisuwarsu take, sai an san sunan zuriyarka sannan a yi ta maimaita shi ana gaishe ka. Na ce mu dai sunan uba muke sawa ko na gari. Ta ce a'a wannan ba magana ba ce, mutum ba ya yawo babu suna, daga yau kai Njay ne, nata sunan ke nan. Kafin in ce wani abu wani mutum a tsakiya ya yi tsaki ya ce an cuci baƙo, an ba shi sunan mutanen da ba su san komai ba sai cin shinkafa, shi Job ne, da an ba ni nasa da na yi daraja. Mota ta kaure, ita tana cewa shi bawanta ne shi yana cewa kakanninta a gidansu suka ci abinci, direba na dariya har yana dukan sitiyari. Da farko na ɗauka faɗa ne na gaske, sai da ɗalibin ya ce min wasa ne tsakanin gidajen biyu, kamar dai Bakano da Bazazzagi in sun haɗu, kuma akwai irinsa tsakanin Serer da Fulani da kuma Serer da Jola. Daga ranar duk inda aka tambaye ni suna sai in ce Njay, in aka yi sa'a akwai Job a wurin to hira ta samu, har ragin kuɗi na samu da sunan nan.

Matar nan ba ta bar ni haka ba. Duk abin da ta saya ta taga sai ta raba, lemo, gyaɗa, ƙosai, ta tura min tana cewa ci ɗana, in na ce na ƙoshi Mama sai ta harare ni ta ƙara turowa. Kuma ba ni kaɗai ba, duk motar ake miƙa wa har direba, haka al'adar take, ba ka buɗe leda ka ci kai kaɗai a setplas, in za ka sayi ayaba sayi da yawa. Da muka zo Tiwawan, garin Alhaji Malik Sy, babbar cibiyar Tijjaniyya ta ƙasar, kusan rabin motar suka ɗaga hannu suna addu'a, a Mehe kuma aka nuna min rumfunan takalman fata da garin ya yi suna a kansu, direba ya tsaya don wani fasinja zai karɓi saƙo ba wanda ya ce uffan.

Muna isa Ndar ta tambayi ɗalibin ina zan sauka, na faɗi sunan wani masaukin matafiya mai arha a tsibirin, ta ce to ya je ya ajiye jaka amma abincin rana a gidana. Ba tayi ba ne na fatar baki, jikanta ta turo ya zo ya tafi da ni. Mun tsallaka gadar Faidherbe, gadar ƙarfe ce tun 1897 tsawonta ya haura mita 500, garin kansa shi ne tsohon babban birnin ƙasar kafin a mayar Dakar, gidajen Turawan mulkin mallaka duk sun tsufa fenti na ɓarewa amma akwai kyau. A gidan aka kawo cebujen a faranti ɗaya babba, shinkafa ja da kifi an cusa masa ganye da yaji a ciki, ga rogo, kabeji, karas, gauta, ɗan tsamiya a gefe. Kowa gabansa yake ci, ba ka miƙa hannu tsakiya, uwar gida ce ke gutsuro kifi da kayan lambu tana jefo wa kowa gabansa, ni kuwa baƙo sai da gabana ya zama tudu. Ƙanzon ma daban aka kawo shi don su abin so ne. Sun ce a garin nan aka ƙirƙiro abincin, wata mata Penda Mbay ake danganta shi da ita, kuma UNESCO ta sa shi a jerin kayan gadon duniya a 2021, wannan kam ko ba ka tambaya ba za a gaya maka. Da suka ji daga Najeriya nake sai maganar jollof ta tashi, wai mu da 'yan Ghana muna ta faɗa a kan abin da ba namu ba, sunan ma na masarautarsu ne ta Jolof. Na so in kare gida amma bakina cike yake da shinkafarsu, na bar maganar. Bayan nan aka ɗora ataya, shayi zagaye uku, na farko ɗaci na ƙarshe zaƙi, ana ta juya shi daga kofi zuwa kofi don ya yi kumfa, in ka sha na farko ka tashi ka yi rashin kunya, don haka duk wani shirin da ka yi na yammacin ranar ka soke shi kawai.

Ba kowace tafiya ce haka ba fa, kar in yi muku daɗin baki. Akwai motar da na shiga kowa ya sa abin ji a kunne har muka isa ba wanda ya ce da ni kanzil. Akwai wadda wani matashi ya manne min da hira mai daɗi, ƙarshenta dai so yake ya zama ɗan rakiyata in biya shi, da na nuna ba haka ba sai fuska ta canja. Wannan sai ka iya bambancewa, wanda ya fara da abokina abokina da Turanci tun daga bakin tasha yana jan jakarka yawanci ɗan kamasho ne, kar ka sakar masa jaka, riƙe abarka har gaban motar.

Motocin kansu kuwa sai addu'a. Fijo ta yi ƙoƙari gsky, motar da aka daina ƙerawa tun tuni amma tana ɗaukar mutum takwas da kaya a but da kan rufi, wani lokacin har da rago a ɗaure. Amma za ka ga ƙofa sai daga waje ake buɗe ta, gilashin gaba ya tsage an manne shi da hoton shehi, allon gudu ya mutu allurar na kwance a sifili kuna ta tsala gudu, hannun sauke gilas guda ɗaya ne tak a motar yana wurin direba, in kana son iska sai ka roƙa a miƙo maka ka murɗa ka mayar. Bel a gaba kawai yake, shi ma sai an hango jandarmomi ake rataya shi. Wata motar hayaƙin salansa ta ƙasa yake shigowa baya, ka isa da ciwon kai da ƙurar da ta mayar da kai ja. Mun taɓa tsayawa a daji inji ya yi zafi, direba ya fito da jarka da wani guntun waya ko damuwa babu a fuskarsa, fasinjoji suka shimfiɗa ɗankwali da kwali a gindin kuka aka yi azahar, wani dattijo ya ja mu, muna sallamewa mota ta tashi. Ban san me ya ɗaura ba kuma ban tambaya ba. Gudu dai wasu direbobin suna yi, da wuce manyan motoci a inda bai kamata ba, abin da na lura shi ne in mata manya suka yi masa ca yana ragewa, ni baƙo in na yi magana dariya ake yi. Tafiyar dare kuwa ban ba kowa shawara ba. Tun bayan haɗarin Sikilo kusa da Kafrin a Janairun 2023 inda manyan bas biyu suka yi karo aƙalla mutum 40 suka rasu, gwamnati ta sanar da hana motocin haya tafiya tsakanin garuruwa daga 11 na dare zuwa 5 na asuba, to ko babu doka ma ga jakuna da amalanken doki babu fitila a kan titi.

Hanyar Tuba, birnin 'yan ɗariƙar Muridiyya ta Shehu Ahmadu Bamba, ita ce mafi santsi, babbar hanya ce sabuwa daga Ces da aka buɗe a ƙarshen 2018. Direban Muridi ne, tun daga tasha ya sa ƙasidun Shehu Ahmadu Bamba a rediyo, mutane na bi a hankali. Wanda ke kusa da ni Bay Fal ne, wani reshe na Muridan, gashi a murɗe har kafaɗa, riga mai faci kala-kala, ƙaton carbi na itace a wuya, in a gida na gan shi da na matsa gefe, amma mutumin nan shi ya fi kowa kula da ni. Da ɗan Faransancinsa da hannu ya ba ni labarin yadda Faransawa suka kai Shehun gudun hijira Gabon a 1895, da yadda su mabiyan Shehu Ibra Fal suka ɗauki aiki da hidima a matsayin ibadarsu. Kafin mu shiga gari ya tambaye ni ko ina shan taba, na ce a'a, ya ce madalla don a Tuba ba a sha, ba giya ba taba, kuma a sa kaya na mutunci. Da muka sauka shi ya tsayar min da amalanken doki, ya biya, ya raka ni har babban masallacin da aka buɗe a 1963, ya nuna min inda zan ajiye takalmi, na ciro kuɗi in ba shi ya dafe ƙirji ya ja baya. Abu ɗaya, kar ka kuskura ka nufi Tuba da setplas dab da Magal, babban taron Muridai na shekara-shekara, 18 ga Safar, sai in taron ka zo, miliyoyin mutane ke zuwa, kuɗin mota ya tashi, mota ma ba ta samuwa.

Kaulaha kuwa, kilomita wajen 190 daga Dakar ta Mbur da Fatik, gari ne mai zafi da gishiri da gyaɗa, kuma a nan kalmar Najeriya ke buɗe ƙofa. A sauran wurare in na ce Najeriya sai a ce Osimhen ko a kira sunan wani mawaƙin Legas, wani kuma ya ɗan yi shiru ya gyara riƙon wayarsa, wannan ma na gani ba zan ɓoye ba. Amma a motar Kaulaha ina faɗa wani tsoho mai farin rawani ya ce Kano? Ya kama hannuna bai saki ba. Babu Faransanci a bakinsa ni babu Wolof, sai muka koma Larabcin islamiyya, nawa a karye nasa garau, a haka ya ba ni labarin haɗuwar Shehu Ibrahim Inyass da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajji a 1937, abin da na sha ji a gida amma daban ne ka ji shi daga bakin mutumin can. Ya ce ba zan kwana a hotal ba alhali Madina Bay, unguwar Shehu Inyass, na nan. A unguwar kuwa Hausa kake ji ta ko'ina, ɗalibai da 'yan ziyara da 'yan kasuwa daga Kano, Zariya, Yamai, Kumasi, har na samu tuwo da miyar kuka. Ko kai ba ɗan ɗariƙa ba ne wurin ya cancanci ka je, ba wanda ya tambaye ni aƙidata, abinci kawai aka yi ta turo min. Af, a Dakar ma in kwaɗayin gida ya taso ka tambayi dibi hausa, 'yan uwanmu ne yawanci daga Nijar ke gasa tsire da ƙuli da yaji, ka yi musu sallama da Hausa ka ga yadda za a cika maka takarda.

Inda zan ce kar a yi setplas shi ne doguwar hanyar kudu zuwa Zigincor a Kasamas. Hanyar ta ratsa Gambiya ne, ka fita Senegal ka shiga Gambiya ka fita ka sake shiga Senegal, kowane wuri sai an sauka an duba takardu, don haka fasfo da katin rigakafin shawara su zauna a aljihu ba a cikin jakar da aka ɗaure a rufi ba. Da fasfon ECOWAS ba ka buƙatar biza. Gadar Farafenni da aka buɗe a Janairun 2019 ta rage wahala sosai, da can jirgin fito ake jira na awoyi, amma duk da haka yini guda ne a zaune, kuma in baya ka samu Allah ya ba ka haƙuri. Gara ka shiga jirgin ruwan Aline Sitoé Diatta daga Dakar, ka kwana a ciki gari ya waye kuna shiga kogin Kasamas, sai dai ka yanki tikiti da wuri kuma da fasfo, suna da tsauri a kan yawan mutane tun bayan nutsewar jirgin Joola a Satumban 2002 da ya ci rai sama da 1,800. In kuma ta ƙasa kake so akwai bas ɗin Dem Dikk masu lokacin tashi da AC da kujera ta mutunci, suna zuwa manyan garuruwa, kuɗinsu ma bai fi na setplas ba sosai, illa dai a cikinsu kowa harkar gabansa yake yi.

Ga mata masu tafiya su kaɗai, ban isa in yi magana da bakinku ba, amma na ga 'yan mata da yawa na ƙasar da baƙi suna shiga su kaɗai, kuma sau da yawa mai tikiti ko wata babba a motar kan gyara zama a haɗa mace da mace in an nema.

Kalmomi kaɗan sun ishe ka ka fara, nanga def ka gaisa, mangi fi ka amsa, jerejef godiya, ñata la nawa ne. In kana jin Fulatanci ko kaɗan ne gwada shi, Fulani na ko'ina a ƙasar musamman masu kanti da mutanen arewa wajen Futa, lafazin ya ɗan bambanta da na Adamawa amma jam tan dai jam tan ce. Ka ɗauki ruwa babbar gora, ɗan gyale ko rawani na ƙura, fawa bank don babu wurin caji, ƙaramar jaka mai kuɗi da takardu a cinyarka babbar a but. Kar ka sha ruwa da yawa kafin a tashi, tsayawa sai direba ya ga dama ko wata hajiya ta ba da umarni.

Sannan ka sani tashoshin yawanci a bakin gari suke ba a tsakiya ba, wasu garuruwan ma tasha fiye da ɗaya ce, a Kaulaha ta Dakar daban ta Nioro daban inda ake hawa motocin kudu da Gambiya, in ka je wadda ba ita ba sai ka sake biyan ɗan acaɓa, Jakarta suke ce musu. Kafin ku isa ka tambayi na kusa da kai nawa ne kuɗin taksi ko Jakarta zuwa inda za ka, zai gaya maka na gaskiya, sau da yawa ma shi zai tsayar maka ya yi cinikin da Wolof, ko ya ce ku hau tare hanyarku ɗaya.